Titin Foch: Yadda Birnin Le Havre Ya Tashi Daga Kufai

A arewacin ƙasar Faransa, a daidai inda Kogin Sen yake shiga teku, akwai wani birni mai suna Le Havre. Wanda ya tsaya a ƙofar ofishin magajin garin ya juya fuskarsa yamma, zai ga wani titi miƙaƙƙe ya nufi bakin teku. Faɗinsa mita 80 ne, wato ya fi filin ƙwallon ƙafa faɗi, tsawonsa kuwa wajen mita 700. A ƙarshensa akwai dogayen benaye biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, da 'yar kafa a tsakani wadda ake hango ruwa ta cikinta. Sunansa Titin Foch, ana faɗa “Fosh”, sunan babban hafsan da ya shugabanci rundunonin Faransa da abokanta a ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Baƙo zai ga kyan titin ya wuce abinsa. Amma tsofaffin garin sun san abin da ke ƙarƙashinsa, gama a kan ɓaraguzan gidajen iyayensu aka shimfiɗa shi. Tarihin wannan titi yana nuna cewa gwamnati tana iya zana hanya ta gina ta cikin 'yan shekaru, amma mayar da mutane mazauninsu da sa su ji cewa garin nasu ne, wannan aiki ne da yakan ci tsara guda ko biyu.

Garin kafin yaƙi

Sarki Faransuwa na Ɗaya ne ya kafa Le Havre a shekara ta 1517, domin Faransa ta sami tashar jiragen ruwa a bakin Kogin Sen. Garin ya girma da fatauci. Ta nan auduga da kofi suke shiga ƙasar, daga nan kuma manyan jiragen fasinja suke tashi zuwa New York ta Amurka. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu mutanen garin sun kai wajen 160,000.

A tsakiyar ƙarni na 19 aka rushe ganuwar garin, aka shimfiɗa wata babbar hanya a gefen arewa na tsohon gari. Sashen yamma na wannan hanya shi ne aka raɗa wa sunan Foch daga baya. Masu hali ne suke zaune a wajen. Daga kudu kuwa, kusa da tasha, akwai tsofaffin unguwanni masu matsattsun lunguna, inda 'yan dako da matuƙan jirgi da masunta suke haya. Gidajen sun tsufa, ga laima, ga cunkoso, da yawansu ba ruwa ba makewayi a ciki. Duk da haka nan ne gidan mutane, nan aka haife su, nan aka yi musu baftisma, nan kasuwarsu take.

Mako guda a watan Satumba

Jamusawa sun mamaye garin a 1940. Rundunonin Ingila da Amurka da Kanada sun sauka a Normandi ran 6 ga Yuni 1944, Hitler kuwa ya ba da umarni a riƙe Le Havre har ƙarshe, domin kada abokan gaba su sami tashar. An 'yantar da Paris ran 25 ga Agusta, amma sojan Jamus fiye da 11,000 suna nan daram a Le Havre, rundunar Ingila kuwa ta kewaye su.

Kwamandan Jamusawa, Eberhard Wildermuth, ya ƙi miƙa wuya, amma ya nemi a tsagaita domin a fitar da farar hula. Shugabannin rundunar Ingila suka ƙi, gama suna ganin dabarar ɓata lokaci ce. Ran 5 ga Satumba da yamma jiragen sama na Ingila fiye da 300 suka zuba bama-bamai a tsakiyar gari, wuta ta kama. Washegari suka komo. Mutane da yawa sun gudu sun fake a wani ramin hanya da ba a gama haƙawa ba, mai suna Jenner. Bam ya toshe bakin ramin, mutum 319 suka mutu a ciki. Aka ci gaba da ruwan wuta har 11 ga wata. Ran 12 ga Satumba Jamusawa suka miƙa wuya. Farar hula wajen 2,000 ne suka mutu a wannan mako, alhali kuwa yawancin sansanonin Jamusawa suna kan tuddai da gefen gari, nesa da unguwannin da aka ƙone ran farko.

Wani hafsan Ingila, William Douglas-Home, ya ƙi shiga farmakin, ɗaya daga cikin dalilansa kuwa shi ne ƙin fitar da farar hula. Kotun soja ta kore shi daga aiki, ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Wansa Alec ya zama firayim ministan Birtaniya a 1963. Wata jaridar garin ta faɗa wa sojojin da suka shigo cewa da murna aka yi ta jiransu, amma ga shi da makoki ake karɓarsu. Saboda haka ranar 'yanci a Le Havre ta bambanta da ta sauran biranen Faransa. Waɗanda suka zo ceto su ne suka rushe garin.

Da aka yi lissafin yaƙin duka, an sami mutum wajen 5,000 sun mutu, gine-gine 12,500 sun rushe, mutum 80,000 ba su da wurin kwana. Daga inda ofishin magajin gari yake a dā, mutum yana iya hango teku, babu abin da ya tare masa ido.

Dattijo mai kankare

A watan Nuwamba 1944 gwamnatin Faransa ta kafa ma'aikatar sake gina ƙasa, Raoul Dautry ne ministanta. A 1945 ya danƙa aikin tsakiyar Le Havre a hannun Auguste Perret, dattijo mai shekara 71, wanda ya yi suna wajen gini da kankare mai rodi. A zamanin da ake ganin kankare kayan gada ne da sito kawai, Perret ya gina majami'a da shi a Le Raincy kusa da Paris, aka gama ta a 1923. A ganinsa kankare dutse ne da mutum yake yi da hannunsa, bai kamata a ɓoye shi da shafe ko fenti ba. Tsofaffin almajiransa suka taru suka kafa ƙungiyar aiki a ƙarƙashinsa.

Tun da fari aka yi gardama. Akwai wani mai tsara birane, Félix Brunau, wanda aka ba shi aikin garin tun lokacin yaƙi. Shi da yawancin 'yan majalisar gari suna so a mayar da tituna inda suke a dā, da sunayensu, a ɗan faɗaɗa su kawai, domin kowa ya gane wurinsa. Perret kuwa yana ganin tun da komai ya rushe, wauta ce a sāke gina lungunan da suke kawo cuta. Yana so a ja layuka miƙaƙƙu, a yanka garin murabba'i murabba'i, kowane gefe mita 100. Har ma ya kawo shawara a ɗaga garin duka a kan dandamalin kankare mai tsayin mita uku da rabi, bututun ruwa da ma'aji da hanyoyin mota su bi ta ƙasa, gama ƙasar wurin fadama ce. Aka ƙi wannan shawara saboda tsada. Ƙasar ba ta da isasshen siminti da ƙarfe.

Daga bisani aka daidaita. Perret ya sami layukansa miƙaƙƙu, amma aka bar manyan hanyoyi uku na dā a wurarensu: Titin Foch daga ofishin magajin gari zuwa teku, Titin Paris daga ofishin zuwa tasha a kudu, da Titin Faransuwa na Ɗaya wanda ya haɗa ƙarshen biyun. Hanyoyin nan uku sun zama kamar duwatsun murhu, a kansu aka girka sabon gari. Ko da mutum bai ga gidansa ba, ya san inda ya dosa. Unguwar Saint-François kuwa, wadda ruwan tasha ya kewaye, aka bar wa magina 'yan gari, suka gina ta da jan bulo bisa ga tsohon fasali.

Akwai wani awo guda da aka bi a ko'ina: mita 6 da santimita 24 tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Wannan shi ne nisan da dogarin kankare na lokacin yake iya ɗauka ba tare da ɓarnar ƙarfe ba, kuma lambar tana rabuwa biyu, uku, huɗu, shida ba saura. Da yake awon ɗaya ne, ana iya zuba tagogi da ƙofofi da allunan bango da yawa a masana'anta, a kawo a harhaɗa. Ta haka aka rage kuɗi da lokaci. An kuma niƙa ɓaraguzan tsohon gari an zuba a kankaren gine-gine na fari.

Rabon fili

Aikin da ya fi wuya bai shafi siminti ba. Kowane taku na ƙasar da ta ƙone yana da mai shi. Akwai mai fili siriri mai tsawo, akwai mai kanti a ƙasa da ɗakunan haya a sama, akwai gidan gado na magada da yawa, waɗansu sun mutu a bam, waɗansu suna gudun hijira. Idan za a ja titi mai faɗin mita 80 a yi benaye manya, ba yadda za a yi kowa ya koma kan filinsa.

Dokar 28 ga Oktoba 1946 ta ba duk wanda yaƙi ya rushe masa dukiya hakkin cikakkiyar diyya daga gwamnati. A Le Havre aka haɗa filayen wuri ɗaya, aka ƙiyasta darajar abin da kowa ya rasa, aka rubuta masa a takarda. Da wannan takarda zai karɓi rabonsa a sabon gini: wani ya sami gida ɗaya a hawa na uku, wani ya sami biyu da kanti. Ƙasar da ginin yake kai, da matakala, da rufi, sun zama na tarayya. Jacques Tournant, ɗaya daga cikin almajiran Perret, shi ya shafe shekaru a kan wannan lissafi. Domin kada a tsaya jiran ƙarewar rabo, gwamnati ta gina benaye na fari da kuɗinta a kewayen dandalin magajin gari tun ba a san masu su ba, gidaje wajen 350. Mutane suka fara shiga wajen 1950.

Mai karatu zai gane nauyin abin. Mutumin da ya gāji ƙasa daga kakansa, yana iya nuna iyakarta da ƙafa, yanzu an ce masa gidansa yana sama, a tsakanin maƙwabtan da bai zaɓa ba. Waɗansu sun ji daɗi, gama sababbin gidajen suna da ruwan famfo, da wurin wanka, da abin ɗumama ɗaki, da tagogi gaba da baya domin haske da iska. Yawancin talakawan Faransa ba su da irin wannan a lokacin. Waɗansu kuwa sun sayar da takardunsu sun bar garin.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne 'yan haya. Diyyar gini ta mai gini ce. Ɗan dakon da yake haya a tsohuwar unguwa ba shi da takardar da zai karɓi gida da ita, kuma da gangan aka tsara sabon gari ya ɗauki mutane ƙasa da na dā, domin a kawar da cunkoso. Iyalai da yawa sun zauna shekaru a bukkokin katako, har da na sansanin da sojan Amurka suka bari a dajin Montgeon. Daga baya aka kai da yawansu sababbin unguwanni a kan tudu, irin su Caucriauville, nesa da tashar da suke aiki. An sami gari mai tsabta, amma tsoffin maƙwabta sun watse, ba su ƙara haɗuwa a lungu ɗaya ba.

Titin da kansa

A cikin shekarun 1950 aka gina Titin Foch. Perret ya so ya zama wa Le Havre abin da Champs-Élysées yake ga Paris, har ya fi shi faɗi da mita 10. A tsakiya akwai hanyar motoci, sai filayen ciyawa da layukan itatuwa a kowane gefe, sa'an nan ƙananan hanyoyi a gaban gidaje domin mazauna. Benayen suna da tsayi ɗaya da layi ɗaya. Ana ganin ginshiƙan kankare a fili, ba a rufe su ba. Tagogin dogaye ne daga ƙasa zuwa sama, gama Perret yana ganin taga ya kamata ta yi daidai da mutum a tsaye. Magina sun gauraya tsakuwa iri iri, suka sassaƙa fuskar kankaren da guduma, har ya ba da launi: wani ja-ja, wani ruwan ƙasa, wani fari-fari. A kan waɗansu gidajen aka sassaƙa siffofi domin tunawa da mashahuran 'yan garin. Lambun Saint-Roch, wanda a dā makabarta ne, aka bar shi a gefen arewa na titin.

A ƙarshen gabas aka gina sabon ofishin magajin gari mai hasumiya mita 72, aka buɗe shi a 1958. A ƙarshen yamma kuwa akwai benayen nan biyu masu hawa 13, waɗanda ake kira Ƙofar Teku. Mai karatu zai yi mamaki, don me za a ja titi zuwa teku sa'an nan a kusan toshe bakinsa? Dalilin iska ne. Iskar yamma tana bugowa daga teku da ƙarfi, in da an bar bakin a buɗe da titin ya zama mazurarin iska. Sai aka bar 'yar kafa, ginin ya zama garkuwa. Akwai kuma nufin cewa baƙon da ya zo daga Amurka a jirgin ruwa ya hango ƙofar Faransa tun daga nesa.

Ba da nisa ba, a kan Titin Faransuwa na Ɗaya, aka gina Majami'ar Yusufu Mai Tsarki a madadin wadda ta rushe. An fara ta a 1951. Perret ya rasu a watan Fabrairu 1954 bai ga ƙarshenta ba, Raymond Audigier da waɗansu suka ƙarasa. Hasumiyarta mita 107 ce, cikinta rami ne tun daga ƙasa har sama, an jera mata gilasai masu launi fiye da 12,000, aikin wata mace mai suna Marguerite Huré. An keɓe ta domin tunawa da waɗanda suka mutu a bam. Matuƙan jirgi suna hango ta tun suna cikin teku. An tsarkake ta a 1964, shekarar da ake ɗauka a matsayin ƙarshen aikin sake gina garin. Shekara 20 ke nan bayan wutar.

Garin da masu shi ba su so ba

Da aka gama, sai ga shi mutane da yawa ba su ƙaunaci abin da aka gina musu ba. Tsofaffi suna cewa garin ya yi sanyi, titunan sun yi faɗi ainun, mutum yana tafiya kamar a fili. A tsohon gari mace tana leƙowa ta taga ta gai da maƙwabciyarta a ƙetaren lungu. A Titin Foch kuwa ko da ihu ba za a ji ba. Ga shi kuma titin na gidajen kwana ne, masu hali ne suka fi zama a kansa, kantuna sun fi yawa a Titin Paris, saboda haka ba a cika ganin taro a wurin ba. Mutanen waɗansu garuruwa suka yi wa Le Havre laƙabi da “Stalingrad ta bakin teku”, saboda kankaren, da kuma saboda 'yan kwaminis ne suka riƙe mulkin garin daga 1965 zuwa 1995.

Baƙin da aka gina wa Ƙofar Teku ma ba su daɗe suna zuwa ba. Jirgin sama ya ƙwace fasinjan Amurka. Babban jirgin ruwa mai suna France, wanda ya fara zirga-zirga tsakanin Le Havre da New York a 1962, ya daina aiki a 1974, aka ɗaure shi a wani lungun tasha har 1979. Mai tsara birni yana gini ne domin zamanin da yake gani, zamani kuwa riga ne.

A ƙarƙashin ƙorafin nan duka akwai makoki. Mutanen ba su sami wanda za su kai ƙara ba, gama abokai ne suka jefa bam ɗin. Ba su kuma zaɓi fasalin sabon garin ba, daga Paris aka aiko da shi. Duk kyan ginin, yana tuna musu da abin da ya ɓace.

Sai da waɗanda aka haifa a cikin benayen suka girma, sa'an nan ra'ayi ya soma juyawa. Su ba su san wani gari ba sai wannan. A gare su Titin Foch shi ne hanyar zuwa bakin teku ran Lahadi, lambun Saint-Roch kuwa wurin wasansu ne. A 1995 aka kafa dokar kāre gine-ginen tsakiyar gari, aka fara wanke su ana gyarawa, launin kankaren ya sāke fitowa. A watan Yuli 2005, a zamanin magajin gari Antoine Rufenacht, hukumar UNESCO ta sa tsakiyar Le Havre, hekta 133, a jerin kayan tarihi na duniya. Kaɗan ne daga cikin biranen ƙarni na 20 suka sami wannan daraja. A 2006 aka buɗe wani gida a cikin benayen na fari, aka shirya shi da kayan ɗaki na shekarun 1950 domin masu ziyara. A watan Disamba 2012 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara bi ta tsakiyar Titin Foch, ya haɗa bakin teku da unguwannin kan tudu, har da Caucriauville. Faɗin da ake kuka da shi a dā, shi ya ba da wurin shimfiɗa layin dogon ba tare da an rushe gida ko ɗaya ba.

Abin lura

Idan aka auna aikin da adalci, za a ga masu tsarin sun yi daidai a abubuwa da yawa. Sun bar manyan hanyoyin dā domin mutane su gane garinsu. Sun nemi hanyar biyan mai fili ba tare da an ƙwace masa hakki ba. Sun gina gidaje masu ƙarko, waɗanda har yanzu ana zaune a ciki. Inda suka gaza shi ne wajen wanda ba shi da takarda. Lissafin ya ƙidaya fili da bango, bai ƙidaya ɗan haya da maƙwabtaka ba.

Bala'i bai ƙare a duniya ba, ko na yaƙi, ko na gobara, ko na ambaliya. Duk inda aka ce za a sāke gina tsakiyar gari a ja babban titi, za a kawo taswira mai kyau a nuna wa jama'a. Tarihin Le Havre yana koya mana mu duba taswirar, sa'an nan mu tambaya: waɗanda suke kwana a wurin kafin bala'in, ina za su kwana bayan an gama? Jikokin 'yan dakon Le Havre yau suna hawa jirgin ƙasa daga kan tudu, su bi ta Titin Foch su sauka a bakin teku. Shekara 68 ne tsakanin wutar da ta kori kakanninsu da ranar da aka shimfiɗa musu wannan hanya.